Ajin da Yake Watsewa Bayan Tara: Nazarin Lamarin Wani Aji Huɗu

## Ajin da malamarsa

Makarantar firamare ce ta gwamnati a wani gari na jihar Kano, garin noma mai kasuwar mako. Ni ne mataimakin hedimasta a lokacin. Rajista da littafin duba darasi suna hannuna, don haka yawancin abin da zan kawo a nan daga abin da na rubuta ne da kaina. Ajin da ake magana a kansa aji huɗu ne na shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023. Sunaye 86 a rajista, maza 47, mata 39, malama ɗaya, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Benci 11 ne a ɗakin. Wanda bai samu ba ya shimfiɗa buhu.

Yaran nan sun shiga aji ɗaya a ƙarshen 2019, daidai lokacin da jihar Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, aka yi ta kawo yara har ɗakuna suka cika. Wajen wata shida suka yi, aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, ba a buɗe ba sai Oktoba. Shekarar da yaro yake sanin baƙi da wasali ke nan rabinta ya tafi. Daga nan aka yi ta ciyar da su gaba, aji biyu, aji uku, tunda ba kasafai ake sa ɗan firamare ya maimaita aji ba. Da suka zo aji huɗu kuma harshen koyarwa ya koma Turanci, kamar yadda tsari ya tanada, littattafan lissafi da kimiyya da zamantakewa duk da shi aka rubuta su.

Malamar ba raguwa ba ce. Tana da takardar NCE da shekara tara a bakin aiki, tana riga yawancinmu zuwa, allonta kullum cike yake da rubutu mai kyau daga sama har ƙasa. A farkon Oktoban 2022 ta same ni a ofis ta ce, "Malam, yaran nan ba sa son karatu. Na yi na yi har na gaji." Ta lissafa mini: ba sa kawo littafi, in ta yi tambaya sai kowa ya sunkuyar da kai, na baya surutu kawai suke yi, in kuwa aka fita tara to wasu sai gobe.

Na ce mu fara da ƙirga. Mako biyu ina shiga ajin sau biyu a rana. Da safe ana samun wajen yara 62, bayan tara 41.

## Oktoba 2022: bulala

Abin da aka saba aka fara yi. Aka ba monita takarda ya riƙa rubuta sunan duk wanda bai dawo daga tara ba, washegari a tare shi a bakin ƙofa da bulala uku. Wanda bai kawo littafi ba ya yi tsallen kwaɗo, wanda ya kasa amsa ya kama kunne. Ni na sa hannu a wannan shawara.

Bayan mako uku, waɗanda ake samu bayan tara suka kai 50, amma na safe suka sauko zuwa 54. Da na bi rajista suna bayan suna, sai na ga wasu daga cikin masu gudu da tara sun daina zuwa gaba ɗaya. Ajin ya yi shiru, kwafar rubutu ta ƙaru, masu ɗaga hannu ba su ƙaru ko da ɗaya ba.

## Nuwamba zuwa Disamba 2022: biskit da fensir

Malamar da kanta ta ce a sassauta bulalar, ta koma kyauta. Duk Juma'a takan sayo biskit da alawa da fensir na wajen naira 500 daga albashinta, wanda ya amsa tambaya daidai a tafa masa a ba shi. Makon farko hannaye suka tashi ko'ina, har waɗanda ba su ji tambayar ba. A mako na uku abin ya koma hannun yara shida ko bakwai, su ne dai kullum, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata da ke zaune a bencin gaba. Sauran suka gane ba rabonsu ba ne suka koma yadda suke. Wata Litinin ta yi tambaya, ɗaya daga cikin na gaban ya ce, "Malama, yau da biskit?" Ta ce babu. Ya sauke hannunsa.

A ƙarshen Nuwamba aka ji a rediyo ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa har shekara shida na firamare. Mun tattauna zancen a ɗakin malamai, amma littattafan da ke hannunmu na Turanci ne, da su muka ci gaba.

Aka yi jarrabawar zangon farko a Disamba, aka kira sakamako a taron safe kamar kullum: na ɗaya zuwa na uku da tafi, goman ƙarshe da ihun yara. Cikin goman akwai wani yaro ɗan shekara 11 da ke zama a bakin taga, wanda ya fi kowa shan bulala a Oktoba. Da aka dawo hutu a Janairu, mako biyu ba mu gan shi ba.

## Janairu 2023: abin da aka gani a wajen aji

Abu biyu suka faru a mako guda. Ranar kasuwa malamar ta tsaya sayen awara, sai ta ga mai sayarwar ɗalibarta ce, yarinyar da tun farkon zango ba ta taɓa buɗe baki a darasin lissafi ba. Ta sayi ta naira 350 ta miƙa dubu ɗaya. Yarinyar ta ƙirgo 650 ta ba ta, tana zuba wa wani yaji, tana gaya wa na uku cewa saura hamsin a kuɗinsa. Washegari malamar ta rubuta 1000 a cire 350 a allo ta kira ta. Yarinyar ta riƙe alli tana kallon ƙasa har aka ce ta koma.

Ni kuma na bi sawun yaron bakin taga. Aka ce yana makarantar allo a zauren malaminsu. Na tarar da shi ya rungumi allonsa yana karatu da ƙarfi, muryarsa ta fi ta kowa fita. Muka gaisa da malamin, na faɗi abin da ya kawo ni, na ce a boko mun ɗauke shi malalaci. Malamin ya dube ni ya ce, "Wannan? Ai ba a tashinsa. Shi yake riga kowa biyawa ya wanke allo ya zo neman ƙari."

Na daɗe a zauren nan ina kallo. Yara wajen talatin, babu biyu da suke wuri ɗaya a karatu. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na kusa da bango ya haura izu biyar. Kowa da allonsa, kowa ya san inda ya tsaya jiya da inda zai kai yau. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya na hannunsa. Bulala tana nan a gefen malam, ban ɓoye wannan ba, amma ban ga ita ce ta sa yaron nan ɗaga murya ba.

Wani abokin aikina da ya koyar a ƙaramar hukumar Wudil ya taɓa ba ni labarin shirin KaLMA, wanda hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kano ta fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa tare da British Council da TaRL Africa, don 'yan aji huɗu zuwa shida. Tushen hanyar daga Indiya yake, wata ƙungiya mai suna Pratham ce ta ɓullo da ita, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka daɗe suna gwada ta. A taƙaice, a gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su bisa abin da suka iya ba bisa aji ko shekaru ba, a koya wa kowa daga inda ya tsaya. Makarantarmu ba ta cikin shirin. Na kira shi ya kwatanta mini yadda takardar gwajin take, muka rubuta tamu da Hausa: baƙaƙe da wasula a gefe, kalmomi gajeru, sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan labari.

A makon ƙarshe na Janairu muka zauna ƙarƙashin darbejiya, yaro ɗaya bayan ɗaya, minti biyar kowa, kwana huɗu. Yara 71 muka samu. Ga abin da ya fito: 23 ba su san baƙaƙen boko ba, 19 sun san baƙaƙe amma ba sa haɗa su, 14 suna karanta kalma, 9 sakin layi, 6 labari.

Wata yarinya ta tsaya mini a rai. Malamar ta ce wannan kam ta iya, domin a aji tana karanta shafin littafin Hausa ba gargada. Na buɗe shafin na ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe, na fara dawowa baya. Ta buɗe baki ta rufe. Haddacewa ta yi daga bakin 'yan gaba, shekara uku tana motsa leɓe tare da su. Malamar ta juya ta kalli katanga, ta daɗe ba ta ce komai ba.

## Fabrairu 2023: rabon farko ya ɓaci

Hedimasta ya yarda mu ɗauki awa ɗaya kullum da safe, mu koyar da karatu da Hausa zalla. Muka raba ajin uku: malamar ta ɗauki waɗanda ba su san baƙi ba, malamin Arabiyya da yake da sarari a lokacin ya ɗauki na tsakiya, ni na ɗauki masu karanta kalma zuwa sama. Muka sa wa rukunan suna A da B da C, C su ne waɗanda ba su san baƙi ba.

Kwana uku kacal, duk makarantar ta san rukunin C da sunan ajin jakai. Cikin 23 ɗin nan, ranar Alhamis 14 suka zo. Ranar Litinin mahaifin ɗaya daga cikinsu ya shigo ofis ransa a ɓace.

"Malam, an ce kun mayar mini da yaro aji ɗaya."

"Alhaji, zauna ka sha ruwa tukuna," na ce. Bayan mun gaisa na tambaye shi, "A makarantar allo, yaron da bai gama babbaƙu ba, ana ɗora shi a farfaru?"

"Wane malami ne zai yi haka?"

"To mu shekara uku muna yi wa ɗanka haka. Yanzu muke so mu gyara."

Ya yi shiru, sannan ya ce in dai haka ne a yi, amma kada a bari yara su riƙa yi masa dariya. Malamin Arabiyya yana wurin, shi ya ce to me zai hana a kira rukunan da sunan da kowa ya sani. Daga ranar suka koma Babbaƙu, Farfaru da Tilawa. Babu yaron da bai bi ta babbaƙu ba a allo, har na bencin gaba, don haka sunan bai zama abin gori ba. Muka ƙara da abin da yaran da kansu suka raɗa wa suna wankin allo: duk Alhamis ta biyu, wanda ya ji ya shirya ya zo da ƙafarsa a gwada shi, in ya wuce ya koma rukuni na gaba. Kowa aka yanka masa kwali da sunansa, baƙin da ya kama a rubuta masa a kai, ya tafi da shi gida. Ba na ɗaya, ba na ƙarshe.

Kayan aikin ba su ci kuɗi ba. Kwalin taliya muka yayyanka muka rubuta baƙaƙe da gaɓoɓi. Yara su zauna da'ira a ƙasa, a zube musu ka, ki, ra, fa, fi, su haɗa kara, kifi, fara, su yi gardama ko "raki" kalma ce. Masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun ɗauki mako guda su kaɗai, ana bambance bari da ɓari, kafa da ƙafa. A lissafi tsinken tsintsiya muka ɗaɗɗaure goma-goma, da murafen kwalba, kuma duk tambaya sai an mayar da ita ciniki kafin a rubuta ta da lamba. A awar nan an ajiye bulala a ofis, kuma wanda ya yi wa mai kuskure dariya shi zai tattara kwalaye.

A watan ne kyautar Juma'a ta tsaya, ba da shawarar kowa ba. Canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi a hannu, malamar tana da albashi a banki amma ba ta da na sayen biskit. 'Yan gaban nan shida suka yi wajen mako biyu suna cin magani, ba sa ɗaga hannu. Sai muka ba su aiki: yaro daga Babbaƙu ya faɗi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yadda kakarsa ta ba shi, su su rubuta, washegari a karanta wa kowa da sunan wanda ya faɗa. Ba su sake tambayar biskit ba.

## Maris zuwa Afrilu 2023: azumi da hutu

Zaɓuɓɓukan 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris sun cinye mana kwanaki. Azumi ya kama 23 ga Maris, ana tashi da wuri, sai hutu, sai Sallah 21 ga Afrilu. Kafin a tafi, yara 16 sun wanke allo sun canja rukuni. Ba mu ba su ko takarda ɗaya ta karantawa a gida ba. Da aka dawo muka sake gwadawa, tara daga cikinsu sun koma inda suka fito.

## Mayu zuwa Yuli 2023

Gyara biyu muka yi. Awar karatun muka ɗauke ta daga safe muka mayar bayan tara, tunda lokacin ne ajin yake watsewa. Sannan duk Juma'a kowa ya tafi gida da falle ɗaya daidai ƙarfinsa, wani layin gaɓoɓi, wani tatsuniyar da abokinsa ya faɗa, ya karanta wa wani a gida.

Da damina ta sauka wasu mazan suka riƙa makara saboda gona, amma sai ka gan su sun shigo da tara, ƙafa duk taɓo, domin kada awar ta wuce su. A Yuni na sake ƙirgar mako biyu: da safe wajen 63, bayan tara 58.

Yaron bakin taga ya dawo tun Fabrairu, bayan na roƙi malaminsa na allo ya yi masa magana. Ya yi mako biyar a Babbaƙu, ya shiga Farfaru, azumi ya mayar da shi baya, ya sake hawa. Wata safiya a Yuni ya shigo da gudu, bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Malama, ashe abin da ke jikin motar nan magana ce!" Babbar motar da ke lodin hatsi a bakin kasuwa yake nufi. Shekaru yana ganin rubutun bayanta a matsayin ado. Ranar ya tsaya ya bi shi gaɓa-gaɓa har ya fito: haƙuri maganin zaman duniya. Malamar ta ba shi alli ta ce ya rubuta a allo. Ya rubuta, ya manta ƙugiyar ƙ, wata yarinya daga ƙasa ta tuna masa, ya gyara.

Wahala ba ta ƙare ba. Jadawalin darussa ya yi baya da kusan mako huɗu a kimiyya da zamantakewa, kuma da masu duba makarantu suka zo abin da suka fara tambaya ke nan. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu kuɗin mota ya tashi, malamin Arabiyya da ke zuwa daga wani gari ya fara rasa wasu ranaku, rukuninsa ya riƙa haɗuwa da nawa.

## Sakamako, ƙarshen Yuli 2023

Yara 68 muka gwada da sabuwar takarda mai nauyi iri ɗaya da ta Janairu. Waɗanda ba su san baƙaƙe ba 7, masu baƙaƙe kaɗai 12, masu kalma 18, masu sakin layi 16, masu labari 15. Yarinyar awara tana cire adadi mai lamba uku daga mai lamba huɗu a rubuce, da aro. A Turanci ci gaban kaɗan ne, kuma a jarrabawar zango na uku makin ajin a kimiyya bai fi na Disamba ba.

## Abin da na fahimta

Kuskuren farko namu ne, tun daga sunan da muka ba matsalar. Mun ce rashin son karatu, sai muka nemi abin da zai tura yaro daga baya ko ya ja shi daga gaba. Yara 42 cikin 71 ba sa iya karanta kalma ɗaya da harshen da suke magana da shi, kuma muna zaunar da su awa biyar suna kwafar Turanci. Gudun da suke yi da tara gudun kunya ne. Bulala ta ƙara wa kunyar zafi, shi ya sa masu gudu da tara suka koma masu fashi.

Kyauta kuwa ta tafi ga waɗanda dama ba sa buƙatarta, ta kuma taɓa su ta inda ban yi tsammani ba. Akwai wani gwaji da Mark Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a 1973, a wata makarantar renon yara ta jami'ar Stanford a Amurka: yaran da ke son zane da kansu aka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, daga baya da aka bar su su zaɓi abin da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin suka rage zanen. "Yau da biskit?" ɗin nan shi ne irinsa a ajinmu. Ban ce a daina yi wa yaro kyauta ba, fensir ga wanda ba shi da shi taimako ne. Wanda ake cewa amsa in ba ka, shi ne ya ɓata mana yara shida na ɗan lokaci.

Abin da ya yi aiki, a ganina, aikin da ya zo daidai ƙarfin yaro ne, da kuma ganin da yake yi da idonsa cewa yau ya fi jiya, a kwalin da ke aljihunsa. Rabon rukuni shi kaɗai bai isa ba, A da B da C sun nuna haka. Sai da aka cire gori daga sunan, aka kuma buɗe ƙofar hawa duk mako biyu. Dole in faɗi kuma cewa malamai uku ne suka shiga aikin malama ɗaya a awar nan, kuma wani kaso na nasarar daga nan ya fito.

Bakwai ɗin da suka rage su suka fi damuna. Uku 'yan mata ne da talla take cinye musu kwana uku a mako. Biyu sun zo ƙasa da rabin kwanakin zangon. Sauran biyun kullum suna nan, kullum suna ƙoƙari, sai a Yuli malamar ta lura ɗaya yana kai kwalin har bakin hancinsa kafin ya faɗi baƙi, ɗayar kuma ba ta juyowa in an kira ta daga hagu. Wata shida muna koya musu kafin mu gane, muka kira iyayensu a makon ƙarshe muka ce a kai su asibiti a duba ido da kunne.